Tsadar Hatsi A Karkarar Kano

Duk wanda ya bar birnin Kano ya yi arewa, ko ta hanyar Katsina ko ta hanyar Daura, zai yi tafiya mai nisa bai ga daji ba. Daga Ungogo zuwa Dawakin Tofa da Bichi, ko kuwa daga Minjibir zuwa Ɗambatta da Makoɗa, gona ce ke bin gona, ba abin da ya raba su sai layin gamba ko shingen aguwa. Cikin gonakin ga gawo, ga ɗorawa, ga kuka da tsamiya. Mutane sun yi yawa, ƙasa ta yi kaɗan, sabo da haka ba a barin gona ta zama saura. Ko wace shekara sai an noma ta. Abin da ya riƙe ta kuwa shi ne taki, watau kashin tumaki da awakin da a ke turkewa a gida da damina, da toka, da sharar birni wadda jakuna su ka saba kawowa cikin mangala da rani.

Wannan noma ya daɗe yana ba baƙi mamaki. Wani matafiyi Bajamushe, Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da sunan Abdulkarim, ya zo Kano cikin 1851, ya yaba albarkar karkararta ƙwarai. Bayan shekara ɗari da 'yan kai wani malami na Jami'ar Ahmadu Bello, Michael Mortimore, ya auna gonakin nan, ya ƙidaya mutanensu, ya nuna wa duniya yadda ƙasa kaɗan ta ke ciyad da jama'a mai yawa ba tare da ta mutu ba.

To, amma duk da wannan himma akwai ranar da ko wane maigida ya ke tsoro. Ita ce ranar da zai leƙa rumbu cikin marka, gero bai nuna ba, ya tarar saura dami biyu ko uku. Daga ran nan sai kasuwa. Abin da mu ke so mu bincika cikin wannan babi shi ne, wa ke yanka wa tiyar gero kuɗi a wannan rana? Za mu ga amsar ta yi ta sakewa daga zamani zuwa zamani.

Manomi Mai Saye

Kafin mu shiga tarihi sai mu gane abu guda. Mutanen birni suna tsammani in hatsi ya yi tsada manomi ne ya ci riba. A karkarar Kano ba haka abin ya ke ba ga yawancin mutane. Gonaki sun ƙanƙance, domin ko wane gado da aka raba, gandu sai ya tsattsage. Maigida mai ƙaramar gona ya kan sayad da wani abu da kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, don ya biya bashi, ko ya yi suna, ko ya aurad da 'ya. Sa'an nan da bazara ko marka ya koma kasuwa ya sayi irin hatsin nan da tsada. In ba shi da kuɗi ya ci falle, ya biya da riɓi in kaka ta yi, ko ya bar gonarsa ba nome ya tafi ƙwadago a gonar wani. Wanda ke cin ribar tsada shi ne mai babbar gona, da ɗan kwarami mai ƙarfin saye ya ajiye. Mai karatu ya riƙe wannan a zuciya, domin shi ne mabuɗin duk abin da zai biyo baya.

Zamanin Da

A zamanin da, ruwan sama da yaƙi da fara su ne manyan masu kawo tsada. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci wata yunwa da ta yi shekara goma sha ɗaya a zamanin Sarki Muhammadu Zaki, wanda ya yi sarauta daga 1582 zuwa 1618. Ya kuma ambaci wata a zamanin Alwali, sarkin Haɓe na ƙarshe. Lokacin nan ba mota, ba jirgi. Jaki ba ya iya ɗauko hatsi daga nesa ƙwarai, gama kuɗin tafiya sai ya cinye kayan. Sabo da haka ana iya yunwa a wannan ƙasa alhali wata ƙasa mai nisan kwana goma tana cikin ƙoshi.

Mutanen da sun san haka, sai suka yi wa kansu garkuwa. Gero da dawa a kan ajiye su da zangarniyarsu, a dami, cikin rumbu, su yi shekara biyu ko uku ba su ɓaci ba. Mai hali ya kan keɓe rumbun tsimi, wanda ba a taɓa shi sai wuya ta yi wuya. Ana shuka gero da dawa da wake a gona guda, in wannan ya ƙi wancan ya yi. Ana fid da zakka, dami ɗaya cikin goma, ta bi ta hannun dagatai da hakimai, kuma talaka yana sa rai in shekara ta ɓaci za a buɗe masa. Ba mu ce duk sarakuna sun riƙe wannan amana ba. Amma abin lura shi ne, yawancin abin da a ke karɓa hatsi ne, kuma yana nan cikin ƙasa, kusa da waɗanda suka noma shi.

Haraji Da Jirgi Da Gyaɗa

Turawan Ingila suka ci Kano cikin watan Fabrairu 1903, suka naɗa Abbas sarauta. Ba a daɗe ba suka haɗa kuɗin ƙasa da zakka da sauran kuɗaɗe suka mai da su haraji guda, aka riƙa auna gonaki da taki, watau da ƙafa, ana yanka wa ko wace gona abin da za ta biya. Suka kuma ce ba su son wuri, ba su son dami, sai sule da kwabo. Haraji kuwa da kaka a ke tara shi. Ka ga ke nan tilas manomi ya kai amfaninsa kasuwa a daidai lokacin da kowa ke kaiwa.

Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga ciniki cikin 1912. Nufin Turawa shi ne a noma musu auduga sabo da masaƙun Ingila. Amma manoman Kano suka duba suka ga gyaɗa ta fi musu. Tana yi cikin jigawa, tana ƙara wa ƙasa ƙarfi, mata suna fid da mai da ƙuliƙuli, in shekara ta ƙi kuma ana iya cin ta, auduga kuwa ba ta ciwuwa. A Turai kuma masu yin sabulu da man girki suna nemanta ido rufe. Fatake na Kano, waɗanda suka goge da fataucin goro zuwa Gwanja, suka shiga ƙauyuka suna raba kuɗi da gishiri da tufa don a shuka musu. Cikinsu wanda ya fi shahara daga baya shi ne Alhassan Ɗantata. Cikin 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta wuce tan 2,500 da 'yan kai ba. Cikin 1913 ta haura tan 19,000, cikin 1916 ta kai tan 50,000.

Tun daga nan ƙauyen Bichi ko na Ɗambatta ya ɗauru da kasuwannin Turai. Kuɗi ya shigo, aka sayi kekuna da tufafi, aka tafi Makka. Amma wani sashi na gonar hatsi ya koma gyaɗa, rumbun tsimi ya fara raguwa, domin mutum yana cewa in yana da sule ai hatsi ba zai gagare shi ba.

Kakalaba

Ba a daɗe ba aka gwada wannan magana. Daminar 1913 ta ƙi, tun daga ƙasar Barno har Sakkwato, har can arewa cikin ƙasar Faransa. Da bazarar 1914 ta yi rumbuna suka ƙare. Mutanen Damagaram da Buzaye suka kwararo kudu da iyalinsu da dabbobinsu, suka tarar da mutanen Kano su ma ba su da shi. Aka ci tafasa da yaɗiya da dusa, aka fasa gidajen tururuwa ana neman ƙwayar da suka tara. Mutane suka sayad da shanu da awaki a bakin abin da bai taka kara ya karya ba, waɗansu suka jinginad da gonaki, waɗansu suka bar gida ba su komo ba. Mutane dubbai suka mutu cikin lardin Kano. Wannan yunwa ita ce tsofaffi su ke kira Kakalaba.

Ga jirgi ya zo, amma bai yi ceto ba. Gwamnati ba ta yi tanadin kome ba, ɗan taimakon da ta aiko kuwa ya zo a makare, kuma bai taka kara ba. Masu kuɗin gyaɗa suka ga kuɗin nan ba ya sayen rabin abin da ya saba saye. Cikin Agusta 1914 kuma yaƙi ya tashi a Turai, aka rufe kantunan Jamusawa, cinikin gyaɗa ya tsaya cik na ɗan lokaci. Wannan shi ne karo na farko da manomin Kano ya ɗanɗana masifa biyu a haɗe, ta sama da ta kasuwar duniya.

Mai Buhu Da 'Yar Gusau Da Muda

Cikin 1927, shekara guda bayan Abdullahi Bayero ya hau gadon sarauta, aka sake yunwa, wadda a ke kira Mai Buhu, domin a buhuna aka riƙa kawo hatsi daga wata ƙasa. Bayan ta fara ta yi ta zuwa shekara da shekaru. Sa'an nan cinikin duniya duka ya karye daga 1929. Gyaɗar da a kan sayi tan guda fam goma ko fiye, sai da ta faɗi ƙasa da fam uku a Kano wajen 1934. Haraji kuwa bai sauka kamar yadda gyaɗa ta sauka ba. Don mutum ya sami sulallan da zai biya, sai ya haɗa da geron da iyalinsa za su ci. Ashe araha ma tana iya kawo yunwa.

Cikin 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, Japan ta ƙwace Malaya, inda Ingila ta ke samun yawancin kuzarta. Sai Turawa suka juyo kan kuzar Jos. Aka kwashi mutane dubbai daga lardunan Arewa aka kai su haƙar kuza tilas, aka kuma ɗora wa En'e-En'e su tara hatsi a kan kuɗin da Gwamnati ta yanka, don a ciyad da lebura da soja. Majiya ƙarfi sun bar gona, hatsi ya bar ƙauye, damina kuma ba ta yi kyau ba. Da aka ƙayyade kuɗi, masu hatsi suka ɓoye, wanda ya fito a ɓoye kuwa ya ninka tsada. Yunwar wannan lokaci ita ce a ke kira 'Yar Gusau.

Ta 1954 kuma dabam ce. Cikin 1953 ruwa ne ya yi yawa har ya ɓata gero, gonaki suka jiƙe, ciyawa ta gagari noma. Aka kira ta Muda, domin ba mai iya sayen dami ko buhu, sai awo da mudu. A wannan karo motoci sun yawaita, suka riƙa kawo garin rogo daga Kudu, mutane da yawa suka fara cinsa a shekaran nan. Mutuwa ba ta kai ta Kakalaba ba, gama hanya ta buɗe. Amma mai kuɗi kaɗai hanya ta ke yi wa amfani.

Farin 1973 Da Kuɗin Mai

Aka kafa Jihar Kano cikin 1967, Audu Bako ya zama gwamna. A zamaninsa aka yi babban fari na 1972 da 1973. Gero ya bushe a tsaye a arewacin jihar, rijiyoyi suka ƙafe, shanu suka mutu, hatsi ya ninka kuɗinsa. Samari suka cika birane da cin rani. Cikin 1975 kuma wata cuta mai sa gyaɗa ta ƙanƙance, wadda manoma su ke kira kuturtar gyaɗa, ta gama da abin da fari ya rage. Dalar gyaɗa, wadda Kano ta yi suna da ita, ta ɓace ke nan.

A daidai wannan lokaci kuɗin man fetur ya malalo cikin ƙasa. Aka ƙara wa ma'aikata albashi bisa shawarar kwamitin Udoji, kaya suka tashi a kasuwa. Naira, wadda ta canji fam cikin Janairu 1973, ta yi ƙarfi, har ya zama sayo shinkafa da alkama daga Amurka da Asiya ya fi noma su a gida araha. Mutane suka saba da burodi da farar shinkafa. Wannan sabo shi ne igiya ta biyu da ta ɗaure cikinmu da kasuwar duniya. Da muna sayar mata, yanzu kuma muna ci daga hannunta.

Hukuma ta yi ƙoƙari iri iri. Audu Bako ya fara gina madatsun ruwa, aka gama ta Tiga cikin 1974, daga baya aka sami Watari a ƙasar Bagwai, da Tomas a ƙasar Ɗambatta, da Jakara a ƙasar Minjibir. Gwamnatin Obasanjo ta yi shirin ciyad da ƙasa cikin 1976, ta kafa hukumar sayen hatsi cikin 1977. Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano cikin 1979. Aka kafa hukumar KNARDA don kai wa manoma malaman gona da iri da taki. Da kuɗin mai ya faɗi, ga kuma wani fari cikin 1983 da 1984, gwamnatin soja ta aika a tilasta wa 'yan kasuwa su sayar a kan kuɗin da ta yanka, kaya suka ɓace daga kanti, aka koma bin layi. Cikin 1986 gwamnatin Babangida ta rushe hukumomin sayen amfanin gona, ta karya darajar naira. Cikin 1987 ta hana shigo da alkama, amma cikin 1992 aka janye hanin.

Dawanau Da Tsadar 2008

Cikin 1985 aka kafa kasuwar Dawanau a ƙasar Dawakin Tofa, a bakin hanyar Katsina. Ta girma har a ke lissafa ta babbar kasuwar hatsi ta Afirka ta Yamma. Daga nan motoci ke ɗaukar gero da dawa da masara da wake zuwa Nijar da Cadi da Kudancin Nijeriya, riɗi da zoɓo kuwa har ƙetaren teku. Kuɗin da aka yanka a Dawanau da safe, kafin azahar ya isa kasuwar ƙauye ta wayar hannu. Abin da ya taɓa Dawanau ya kan taɓa maƙwabta. Cikin 2005, bayan fari da fara sun ɓata daminar 2004, hatsi ya yi tsada a Nijeriya, mutanen Maraɗi da Damagaram da suka saba cike giɓinsu daga nan suka kasa saye, yara da yawa suka tagayyara.

Cikin 2007 da 2008 abinci ya yi tsada a duniya duka, kuma dalilan suna da yawa. Gangar ɗanyen mai ta kai dala 147 cikin Yuli 2008, sai kuɗin taki da na jirgin ruwa suka tashi. Amurka ta riƙa mai da masara mai yawa man mota. Fari ya ɓata alkamar Ostareliya shekara biyu a jere. Mutanen Sin da suka sami wadata suka ƙara cin nama, dabbobi kuwa hatsi su ke ci. Sa'an nan tsoro ya shiga. Indiya da Biyetnam suka tsai da fid da shinkafa don su tsare mutanensu, ƙasashe masu saye suka yi rige-rige, cikin 'yan watanni tan guda ya ninka kusan sau uku, ya haura dala 1,000. Aka yi tarzoma a Sanagal da Kamaru da Burkina Faso da Haiti.

A ƙasar Kano kuma ruwan 2007 ya ɗauke da wuri, dawa da wake ba su cika ba. Tsadar gida ta gamu da ta waje. Mai karatu zai ce, ina ruwan gero da shinkafar Indiya? Ai in shinkafa da burodi sun gagari mutanen birni sai su komo kan gero da masara, masu kiwon kaji da masu masana'antu su ma suna neman dawa da masara, duk kuwa a kasuwa ɗaya a ke saye. Cikin Mayu 2008 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ɗage kuɗin fito a kan shinkafa har wata shida, ta kuma fid da hatsi daga rumbunan Gwamnati.

Daga 2019 Zuwa 2025

Cikin Agusta 2019 gwamnatin Buhari ta rufe iyakokin ƙasa don a ci shinkafar gida, ba a buɗe ba sai Disamba 2020. Injinan casar shinkafa suka yawaita a Kano, amma kuɗinta ya hau. Annobar korona ta 2020 ta tsai da motoci da kasuwanni. 'Yan bindiga suka kori manoma daga gonaki masu yawa a Zamfara da Katsina, inda Dawanau ta saba samun kaya. Cikin Fabrairu 2022 Rasha ta shiga yaƙi da Yukren, su biyun kuwa suna cikin manyan masu sayad da alkama, Rasha kuma babbar mai sayad da taki ce. Cikin Maris 2022 ma'aunin tsadar abinci na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ko da ya ke ana yin takin yuriya a Nijeriya, sauran abubuwan da a ke haɗa takin kamfa da su daga Maroko da Rasha da waɗansu ƙasashe a ke sayo su da dala. Buhun da Gwamnati ta sayar naira 5,500 cikin 2017, kafin 2024 ya ninka wannan fiye da sau biyar.

Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaba Tinubu ya janye tallafin man fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Wata mai bi aka saki naira, dala guda da ta ke wajen naira 460 a banki ta haura 1,500 cikin Fabrairu 2024. Da naira ta faɗi, hatsinmu ya zama araha ga mai sefa, motoci suka yi ta fita da shi. Cikin watan nan mata masu gurasa suka fito titi a Kano suna kukan tsadar fulawa, wata hukumar jihar ta rufe waɗansu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci, Gwamnatin Tarayya kuma ta ba da umurni a fid da hatsi tan 42,000. In aka raba wannan ga mutanen Nijeriya, waɗanda sun haura miliyan 200, ba wanda zai sami ko rubu'in kilo. Cikin Yuni 2024 hukumar ƙididdiga ta ce abinci ya ƙara tsada da fiye da 40 cikin ɗari a shekara guda. Cikin Yuli sai Gwamnati ta ce a shigo da masara da shinkafa da alkama da wake ba kuɗin fito har kwana 150. Cikin 2025 hatsi ya faɗi ƙwarai. Mutanen birni suka numfasa, amma manoman da suka sayi taki da tsada, waɗansu da bashi, suka kasa mai da kuɗinsu.

Abin Da Tarihi Ya Nuna Wa Hukuma

In muka jera waɗannan shekaru za mu ga abin da ya yi amfani da wanda bai yi ba. Ƙayyade kuɗi da ƙarfi an gwada shi cikin 1942 da 1984, duka biyu kaya ɓuya suka yi. Fasa ɗakin ajiya yana kwantad da zuciya na kwana biyu, kuma gaskiya ne shari'a ta hana ɓoye abinci don a cuci jama'a. Amma sai a rarrabe mai ɓoyo da mai ajiya, domin in ba wanda ya ajiye da kaka, ba abin da za a saya da marka. Rufe iyaka yau a buɗe gobe kuwa yana rikita manomi, bai san abin da zai shuka ba.

Abin da manomi da mai saye su ke bukata duka shi ne kuɗi mai daidaito, wanda ba ya faɗuwa warwas da kaka, ba ya tashi sama da marka. Hanyar samun haka tsohuwa ce, tun labarin Annabi Yusufu a Masar kowa ya san ta. Hukuma ta sanad da kuɗin da za ta saya tun kafin shuka, ta saya da kaka, ta ajiye a rumbuna kusa da jama'a, ta fitar in tsada ta wuce iyaka. Indiya ta kafa hukuma irin wannan cikin 1965, tana kuma aiki da ita har yanzu. Amma abin ba ya yiwuwa sai da riƙon amana da lissafi a fili, in ba haka ba rumbun sai ya zama na 'yan kaɗan.

Bayan ajiya sai ƙarin amfani, tun da ba sauran daji da za a sare a ƙasar nan. Taki da iri su iso kafin ruwan shuka. A gyara hanyoyin ruwa na Watari da Tomas da Jakara don noman rani ya yalwata. A kai wa manoma irin gero da wake masu saurin nuna, waɗanda masu bincike su ke fitarwa a Samaru ta Zariya da gonar gwaji ta Minjibir. A tsare hanya da gona daga ɓarayi. A lura da yadda birni ke cinye gonakin Ungogo da Dawakin Tofa da fulotai. In tsada ta zo duk da haka, a taimaki marasa ƙarfi kai tsaye, da abinci ko da aikin da za a biya su. Duk wannan sai da kuɗi. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Maputo cikin 2003 za su ba noma kashi goma cikin ɗari na kasafinsu, Gwamnatin Tarayya kuwa ba ta cika wannan alkawari ba tukuna.

Abin Da Ke Hannun Maigida

Yaƙin Turai da darajar dala ba su hannunmu. Amma akwai abin da ke hannun ko wane maigida, balle wanda Allah ya ba shi karatu da rubutu. Ya sami ɗan littafi, ya rubuta damin da ya shiga rumbu da kaka, ya kuma auna abin da gidansa ke ci. Buhu guda kamar tiya 40 ne. Gidan da ke cin tiya biyu kullum yana bukatar tiya 730 a shekara, watau buhu 18 da ɗan ƙari. Wanda ya yi wannan lissafi tun watan kaka ya san ko zai kai ko ba zai kai ba, sai ya cike giɓinsa tun hatsi yana araha, da kuɗin akuya ko na cin rani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wake kuma kada a yi gaggawar sayad da shi don tsoron ƙwari, gama buhu mai leda biyu a ciki, in an ɗaure shi sosai iska ba ta shiga, yana tsare shi wata da watanni ba magani. Mutanen unguwa suna iya haɗa kai su yi rumbu guda na tsimi, su sa mutum biyu ko uku amintattu su riƙe littafinsa, a karanta a gaban kowa. Kada a yi sake da takin gida, kada a sare gawo, gama su ba a sayo su da dala. In kuma akwai tsoho a gida wanda ya ga Muda ko farin 1973, a zauna da shi, a tambaye shi abin da suka ci da yadda suka fita, a rubuta don yara.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya ba shugabanni ikon riƙon amana, amin.